Yadda masana'antu ke lissafin kuɗin da inji zai ci a tsawon rayuwarsa

A duk lokacin da wata masana'anta ta tashi sayen sabon inji, abin da aka fi tattaunawa a kai shi ne farashin da mai sayarwa ya yanka.

To amma injiniyoyi da akantoci sun daɗe da gano cewa kuɗin saye wani ɗan yanki ne kawai na abin da injin zai laƙume kafin ya gama aiki. Sauran kuɗin na fita ne sannu a hankali, ta hanyar wutar lantarki, da mai, da kayan gyara, da ladan ma'aikata, da kuma asarar da ake tafkawa a ranakun da injin ya tsaya.

Hanyar da ake bi a tattara waɗannan kuɗaɗe baki ɗaya tun kafin a sa hannu a takardar ciniki, ita ake kira lissafin kuɗin tsawon rayuwar inji. Manufarta ita ce a kwatanta injuna biyu ko fiye bisa jimillar abin da kowannensu zai ci, daga ranar da aka yi odarsa har zuwa ranar da za a kwance shi.

Asalin wannan lissafi

Tsarin dai ya samo asali ne daga ma'aikatar tsaron Amurka a shekarun 1960.

A wancan lokaci jami'an ma'aikatar sun lura cewa kuɗin da ake kashewa wajen sarrafa jiragen yaƙi da tankoki da na'urorin sadarwa da kuma kula da su, ya kan zarce kuɗin da aka saye su. Sayen kaya daga ɗan kwangilar da ya fi kowa sauƙin farashi, kamar yadda aka saba, ya kan jawo wa rundunar ɗawainiya mai tsada ta shekaru masu yawa.

Har yanzu wannan matsala ba ta kau ba. A shekarar 2024 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya ce shirin jirgin yaƙi samfurin F-35 zai ci sama da dala tiriliyan 2 a tsawon rayuwarsa, kuma kimanin dala tiriliyan 1.6 daga ciki kuɗin sarrafa jiragen ne da kula da su.

Daga fagen soja ne tsarin ya shiga masana'antu. A shekarun 1970 gwamnatin Birtaniya ta riƙa ƙarfafa wa masu masana'antunta gwiwa da su haɗa aikin injiniya da na akanta wajen kula da kadarorinsu. A ƙarshen shekarun 1980 kuma kamfanin bincike na Gartner ya yaɗa irin wannan lissafi a harkar kwamfuta, inda ya nuna cewa kula da na'urorin ofis ya fi sayensu tsada.

Hukumar tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya, IEC, ta fitar da ƙa'ida ta musamman kan wannan lissafi mai lamba 60300-3-3 a shekarar 1996, yayin da hukumar ISO ta fitar da jerin ƙa'idojin kula da kadarori mai lamba 55000 a shekarar 2014.

Abubuwan da ake tattarawa

Galibi ana raba kuɗin ne gida biyar.

Na farko shi ne kuɗin mallaka. Wannan ya ƙunshi farashin injin, da kuɗin dakonsa ta ruwa da ta ƙasa, da inshora, da kuɗin fito na kwastan, da ginin daɓen da za a girke shi a kai, da jawo masa wuta da ruwa, da ladan ƙwararrun da za su haɗa shi, da kuma horar da waɗanda za su yi aiki da shi.

Na biyu shi ne kuɗin sarrafawa, wato wutar lantarki, ko man dizal, ko iskar gas, da ruwa, da albashin ma'aikata. A nan ne kuma ake saka ɓarnar da injin ke yi wa ɗanyen kaya, kamar shinkafar da ke kakkaryewa wajen casa, ko yadin da ke fitowa da aibi.

Na uku shi ne kuɗin kulawa da gyara: juyen baƙin mai, da sauya bel da boris da matatai, da babban garambawul da ake yi bayan wasu dubban sa'o'i na aiki, da kayan gyaran da ake ajiyewa a sito don ɓacin rana.

Na huɗu shi ne asarar tsayawar aiki. Wannan ba ya fitowa a kowace takardar rasit, shi ya sa aka fi mantawa da shi, alhali a wasu masana'antu ya fi sauran duka nauyi.

Na biyar shi ne abin da ke faruwa a ƙarshe: kuɗin kwance injin, da kawar da gurɓataccen mai ko sinadaran da ya bari. Idan kuma akwai abin da za a samu ta hanyar sayar da shi a matsayin na hannu, ko ga 'yan gwangwan, sai a cire wannan daga jimillar.

Wani abin lura shi ne, mafi yawan waɗannan kuɗaɗe ana ƙulla su ne tun ranar da aka zaɓi injin. Da zarar an girke shi, yawan wutar da zai sha, da irin kayan gyaran da zai buƙata, da ƙasar da za a riƙa odarsu, duk sun riga sun tabbata, kuma abin da manaja zai iya canzawa daga baya kaɗan ne.

Wutar lantarki ce kan gaba

Misalin da masana suka fi bayarwa shi ne na injin juyi mai aiki da lantarki, wanda shi ke juya famfuna, da fankoki, da injunan niƙa, da na matsa iska, da bel-bel masu ɗaukar kaya a kusan kowace masana'anta.

Wani nazari da hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta wallafa a shekarar 2011 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan injuna da na'urorin da suke juyawa na shan tsakanin kashi 43 zuwa 46 cikin 100 na dukkan wutar lantarkin da ake amfani da ita a duniya.

Ga injin da ke aiki sa'o'i masu yawa a shekara, kuɗin wuta kan haura kashi 90 cikin 100 na duk abin da zai ci a rayuwarsa.

Ana iya ganin haka ta wani misali na lissafi. A ɗauka wata masana'anta na buƙatar injin juyi mai ƙarfin kilowat 75, wanda zai riƙa aiki sa'o'i 5,000 a shekara, kuma ana sayar mata da yunit ɗin wuta, wato kilowat ɗaya na tsawon sa'a guda, a kan naira 200.

An kawo mata injuna biyu. Na farko farashinsa naira miliyan 8, kuma yana mayar da kashi 92 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa aiki, sauran na tafiya a zafi. Na biyu farashinsa naira miliyan 10, amma yana mayar da kashi 95 cikin 100.

Na farkon zai sha yunit kusan 407,600 a shekara, wato wutar naira miliyan 81.5. Na biyun kuma zai sha kusan 394,700, wato ta naira miliyan 78.9.

Ke nan bambancin maki uku kacal ya haifar da rarar naira miliyan 2.6 a kowace shekara, kuma ƙarin miliyan 2 da aka biya wajen saye zai dawo cikin ƙasa da watanni goma. Haka kuma, wutar da kowane ɗaya daga cikin injunan zai sha a shekara guda ta ninka farashinsa kusan sau takwas zuwa goma.

Saboda irin wannan lissafi ne hukumar IEC ta raba injunan juyi aji-aji a shekarar 2008 gwargwadon tattalin wutarsu, daga IE1 zuwa IE3, daga baya aka ƙara IE4. Tun daga watan Yulin 2021 Tarayyar Turai ta wajabta cewa akasarin injunan da ke tsakanin kilowat 0.75 da 1,000 su kasance aƙalla ajin IE3 kafin a sayar da su a kasuwanninta.

Girman inji ma na da tasiri. Famfon da ya fi ƙarfin aikin da aka ba shi, wanda ake danne ruwansa da bawul, yana ɓarnar wuta a kullum. A famfuna da fankoki da yawa, rage gudun juyawa da kashi 20 cikin 100 na iya rage wutar da ake sha da kusan rabi, shi ya sa na'urar daidaita gudu ta kan mayar da kuɗinta da wuri.

Haka nan ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa a masana'antar da ba a kula da bututunta, yoyo kaɗai kan salwantar da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da injin matsa iska ke samarwa.

Asarar da ba ta da rasit

Bayan wuta, abin da ya fi sauya sakamakon lissafin shi ne yawan lalacewa da kuma tsawon lokacin gyara.

Injiniyoyi na auna abubuwa biyu: matsakaicin sa'o'in da inji ke yi yana aiki tsakanin lalacewa da lalacewa, da kuma matsakaicin lokacin da ake ɗauka kafin a tayar da shi. Na biyun ya haɗa da jiran kayan gyara da jiran ƙwararren da zai sa su.

A ɗauka wani kamfanin casar shinkafa na zaɓe tsakanin sabon inji na naira miliyan 120 da na hannu na naira miliyan 70. A ranar saye, na hannun ya bar wa kamfanin naira miliyan 50 a aljihu.

Amma idan kamfanin na samun ribar naira miliyan 1.5 a kowace ranar aiki, kuma tsohon injin ya fi sabon tsayawa da kwanaki 20 a shekara, to asarar ta kai naira miliyan 30 duk shekara. Kafin a cika shekaru biyu rarar ta ƙare, ba a ma yi maganar kuɗin gyaran kansa ba, ko kwastomomin da suka koma wani wuri saboda an saɓa musu alkawari.

Irin wannan ne Hausawa ke nufi da cewa arha ba ta ado.

Wannan ne kuma ya sa tsarin kula da inji ke cikin lissafin tun daga farko. Akwai masu jira sai inji ya lalace su gyara, akwai masu sauya sassa bisa jadawali, akwai kuma masu auna zafi da girgiza da ingancin mai domin su gano matsala kafin ta auku.

A ƙasar Japan, kamfanin Nippondenso mai ƙera wa Toyota sassan mota ya yi fice a shekarar 1971 da wani tsari da ya ɗora wa mai aiki da inji alhakin share shi, da shafa masa mai, da duba shi a kullum, maimakon a bar komai ga sashen gyara. Masana'antu da dama a duniya sun kwaikwayi tsarin.

Kuɗin yau da na gobe

Tun da yake kuɗaɗen na fita ne a shekaru daban-daban, ba a tara su kai tsaye. Naira miliyan guda da za a kashe nan da shekaru biyar ba daidai take da miliyan guda ta yau ba, domin wanda ke riƙe da kuɗin a yau zai iya juya su ya samu riba.

Don haka ake rage darajar kuɗin da za a kashe nan gaba da wani kaso a kowace shekara, a mayar da su ƙimarsu ta yau. Idan kason ya kasance 5 cikin 100, miliyan guda ta shekara ta biyar na daidai da kimanin naira 784,000 a yau. Idan kuma 20 cikin 100 ne, ta koma kimanin naira 402,000.

A misalin kamfanin shinkafa, asarar naira miliyan 30 a shekara har tsawon shekaru biyar ta kama miliyan 150 idan aka tara ta kai tsaye. Idan aka rage ta da kashi 20 cikin 100 a shekara, sai ta koma kusan miliyan 90, wanda duk da haka ya zarce rarar miliyan 50 da aka samu wajen saye.

Kamfanoni da yawa na ɗaukar wannan kaso ne daga kuɗin ruwan da banki ke caza. Sai dai ba dole ne ya zama kuɗin ruwa ba. Kamfanin da ba ya mu'amala da bashi mai ruwa zai iya amfani da ribar da ya saba samu a kan jarinsa, ko kuma ƙimar hayar da zai biya a tsarin ijara, irin wanda bankunan Musulunci ke yi, kamar bankin Jaiz da ya fara aiki a Najeriya a shekarar 2012.

Akantoci na gargaɗin cewa dole ne a daidaita lissafin da hauhawar farashi. Idan kason da aka yi amfani da shi ya ƙunshi hauhawar farashi, to wajibi ne a ɗaga farashin wuta da mai da kayan gyara na shekaru masu zuwa su ma. In ba haka ba, lissafin zai fifita inji mai arha ba bisa gaskiya ba.

Idan kuma injunan da ake kwatantawa ba su da tsawon rai ɗaya, misali ɗaya shekaru 6 ɗaya kuma 12, akan mayar da jimillar kowanne zuwa kuɗin shekara guda, ko kuma kuɗin da ake kashewa a kan kowane tan ko buhu da aka sarrafa.

Inda lissafin ke sauya kama

Alƙaluman da masu ƙera injuna ke bugawa a takardunsu galibi an auna su ne a inda wuta ba ta yankewa, kayan gyara kuma na isowa cikin kwana ɗaya ko biyu. A Najeriya da Nijar da maƙwabtansu lamarin ya sha bamban.

Abu na farko shi ne wuta. Masana'antu da dama a unguwannin Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, da Kakuri a Kaduna, sun daɗe suna dogaro da janareto na wani ɓangare na lokacin aikinsu. Janareton dizal mai lafiya kan sha tsakanin rubu'i zuwa sulusin lita domin samar da yunit guda, kuma shan man na ƙaruwa idan ana gudanar da shi da ɗan ƙaramin lodi.

Saboda haka farashin yunit da ya kamata a saka a lissafi shi ne gaurayen na kamfanin rarraba wuta da na janareto, haɗe da kuɗin sayen janareton da kula da shi. Manyan kamfanoni, kamar masana'antar siminti ta Dangote da ke Obajana a jihar Kogi, sun gina tasu tashar wuta mai aiki da iskar gas, kuma wannan ma wani ɓangare ne na kuɗin mallakar injunansu.

Farashin wutar gwamnati ma na iya tashi dare ɗaya. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin yunit ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'o'i 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225.

A Jamhuriyar Nijar kuwa, wadda a lokacin take samun kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya, an yanke layin a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin da sojoji suka yi, kuma ba a maido da shi ba sai a watan Maris na 2024.

Abu na biyu shi ne canjin kuɗi. A watan Mayun 2023 ana canzar da dala a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin shekarar, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Duk wanda ya sayi injin da kayan gyaransa sai an yi oda daga waje, ya ga kuɗin kula da shi ya ninka kusan sau uku cikin ƙasa da shekara guda.

A ƙarshen 2024 kuma babban bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, yayin da hauhawar farashi ta kusa kashi 35 cikin 100. A irin wannan yanayi, mai masana'anta kan rasa jarin sayen inji mai inganci ko da lissafi ya nuna masa cewa shi ne mafi sauƙi a ƙarshe.

Abu na uku shi ne nisa. Kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Legas sai sun yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 kafin su isa Kano, na Nijar kuma sai sun ratsa wata ƙasa tun da ba ta da gaɓar teku. Injin da kanikawan gari suka san shi, kuma ake samun kayansa a kasuwa, na iya fin wanda ya fi shi fasaha amfani, idan shi wancan sai an ɗauko injiniya daga Turai ko China duk lokacin da ya tsaya.

Abu na huɗu shi ne yanayi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kuma akasarin injunan juyi an ƙera su ne bisa zaton cewa zafin wurin ba zai wuce haka ba. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 a cikin naɗin wayar inji na rage rayuwar rufin wayar da kusan rabi. Ƙurar hunturu kuma na toshe matatai da wuri, ga hawa da saukar ƙarfin wuta da ke ƙona naɗin. Idan aka sake naɗa wayar ba bisa ƙa'ida ba, injin zai tashi, amma zai riƙa shan wuta fiye da da.

Tarihin masana'antun ƙasar ya nuna nauyin waɗannan kuɗaɗe. Masaƙar Kaduna ta KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007. Kamfanin taya na Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008. Dalilan suna da yawa, ciki har da fasa-ƙwauri da kwararowar kaya masu arha daga waje, amma tsadar makamashi na cikin abubuwan da aka fi ambata, a masaƙun kuma har da tsufan injuna.

Ba kullum mai tsada ke yin nasara ba

Lissafin ba ya nufin cewa a kowane hali inji mafi tsada ne ya fi dacewa.

A koma ga misalin injin juyi mai kilowat 75. Idan masana'antar ta yanayi ce, kamar ta gurzar auduga ko matsar gyaɗa da ke aiki sa'o'i 1,000 kawai a shekara, rarar wutar za ta sauka zuwa kimanin naira 515,000 a shekara. Ƙarin naira miliyan 2 zai ɗauki kusan shekaru huɗu kafin ya dawo, kuma idan aka rage darajar kuɗin da kashi 20 cikin 100 a shekara, da ƙyar ribar shekaru goma za ta rufe shi.

Haka nan idan kasuwar kayan da ake sarrafawa ba ta da tabbas, ko kuma fasahar na saurin sauyawa, zuba jari mai yawa a injin da zai yi shekaru 20 na iya zama kasada.

Sa'o'in aiki, da farashin makamashi, da tsadar jari su ne ke yanke hukunci, kuma sun bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta.

Raunin lissafin

Babban rauninsa shi ne cewa hasashe ne. Babu wanda ya san farashin dizal ko na dala nan da shekaru goma.

Don haka ƙwararru ba sa tsayawa kan amsa guda. Sukan maimaita lissafin sau da yawa, suna sauya abu ɗaya a kowane karo: idan wuta ta ninka, idan naira ta faɗi da rabi, idan injin ya yi shekaru 7 maimakon 10. Idan inji ɗaya ya ci gaba da zama kan gaba a mafi yawan waɗannan yanayi, to an samu zaɓin da za a iya dogara da shi. Idan kuma ɗan canji kaɗan na juya sakamakon, an gano ke nan inda haɗarin yake.

Rauni na biyu shi ne ƙarancin bayanai. Alƙaluman mai sayarwa na nuna injin ne a mafi kyawun halinsa. Bayanan da suka fi amfani su ne na masana'antar kanta: littafin da ake rubuta ranar da kowane inji ya tsaya, da dalili, da abin da aka kashe, da kuma mita da ke auna wutar kowane babban inji shi kaɗai. Masana'antar da ba ta ajiye irin wannan tarihi ba, sai dai ta nemi bayani daga wasu da suka riga ta amfani da samfurin.

Rauni na uku ya shafi tsarin kamfani ne. Sau da yawa sashen saye daban, sashen gyara daban, mai biyan kuɗin wuta kuma daban. Ana yaba wa jami'in saye idan ya rage farashi, alhali ɗawainiyar da zaɓinsa ya jawo za ta faɗa kan kasafin wani sashe na shekaru masu zuwa.

Tasiri kan dokokin kwangila da ciniki

Gwamnatoci ma sun fara shigar da wannan tunani cikin dokokinsu. Dokar sayen kayan gwamnati da Tarayyar Turai ta zartar a 2014 ta amince a fili da amfani da kuɗin tsawon rayuwa wajen tantance 'yan kwangila, har da kuɗin gurɓata muhalli idan ana iya auna shi. Bankin Duniya ma, a sabon tsarin sayen kaya da ya fara aiki da shi a watan Yulin 2016, ya ba da damar a duba amfanin da za a samu gaba ɗaya maimakon farashi mafi ƙanƙanta kawai.

A ɓangaren 'yan kasuwa kuma, wasu masu ƙera injuna sun koma sayar da aikin injin maimakon injin kansa. Kamfanin Bristol Siddeley na Birtaniya, wanda daga baya ya haɗe da Rolls-Royce, ya ɓullo da wannan tsari a 1962, inda masu jiragen sama ke biyan ƙayyadadden kuɗi kan kowace sa'a da injin ya yi a sama, kamfanin kuma ya ɗauki nauyin gyara.

A yau ana samun irin wannan yarjejeniya a harkar injunan matsa iska da kuma wutar sola ta masana'antu, inda kamfani ke girke kayan da kuɗinsa, ya riƙa karɓar kuɗin abin da aka yi amfani da shi. Amfanin tsarin shi ne, wanda ya ƙera ko ya girke injin shi ne zai yi asara idan ya lalace, don haka yana da dalilin inganta shi.

Ga ƙananan masana'antu da ba su da ƙarfin ɗaukar ƙwararrun masu ba da shawara, masana na cewa takarda ɗaya ta isa a fara. Abin da ake buƙata shi ne a nemi amsar wasu tambayoyi kafin a biya kuɗi: sa'o'i nawa injin zai yi aiki a shekara, wuta ko mai nawa zai sha a sa'a, waɗanne sassa ne ke saurin cinyewa kuma a ina ake samunsu, da wane kuɗi ake biyansu, wa zai gyara shi, kuma nawa za a rasa a duk ranar da ya kwana bai yi aiki ba.